Ɗan Aike Ba Ya Yanke Hukunci: Kuskure a Laburaren Kod da Saƙon Komit

Ranar 4 ga Yuni 1996, a Kourou da ke Guyana ta Faransa, aka harba rokar Ariane 5 karon farko, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na bincike. Kimanin daƙiƙa 40 da kunna injinta ta karkace, ta tarwatse a tsayin kusan mita 3,700. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya fitar da rahotonsa a watan Yuli na shekarar. Rahoton gajere ne, kuma duk mai rubuta kod (wato rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi) wanda wasu za su ɗauka su yi aiki da shi ya kamata ya zauna ya karanta, domin ba injin roka aka kama da laifi ba.

Manhajar da ke gaya wa rokar inda ta dosa an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya lau. A cikinta akwai wurin da ake ɗaukar wata lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin girman wurin ajiye lamba a kwamfuta), wadda ta danganci gudun rokar a kwance, a dura ta a mazubi mai bit 16. Mazubin nan ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A Ariane 4 lambar ba ta kaiwa can. Ita kuwa Ariane 5 gudunta a kwance yana ƙaruwa da sauri ninki biyar, sai mazubi ya cika ya tumbatsa, kod ya jefa kuskure, kuma ba a ajiye kowa ya cafke shi ba. Ƙa'idar da aka gindaya wa na'urar da ke gudanar da manhajar ita ce, in an samu kuskure ko wane iri ne, ta sanar, ta ajiye bayanin abin da ya faru, ta kashe kanta, 'yar'uwarta ta ko-ta-kwana ta karɓi aiki. To amma kod ɗaya suke gudanarwa, kuma 'yar'uwar ta riga ta mutu kashi 72 cikin dubu na daƙiƙa kafin nan, da ciwo iri ɗaya. Abin da ya ƙarasa rokar shi ne bayanin kuskuren da na'urar ta aika: babbar kwamfuta ta karance shi a matsayin bayanin tafiya, ta murɗa bakin injuna iya murɗawa. Ga ƙarin takaici, lissafin da ya jawo duk wannan ba shi da amfanin komai bayan roka ta bar ƙasa. An bar shi yana gudana ne saboda wata buƙata ta Ariane 4.

Mafi yawanmu ba roka muke harbawa ba, amma kullum muna yin abin da injiniyoyin Ariane suka yi, wato ɗauko kod ɗin da aka rubuta don wani gida mu kai shi wani gidan. Shi ake kira laburare: kod da wani ya rubuta ya tattara domin wasu su riƙa kiransa daga cikin manhajarsu. Wani yana buɗe hoto, wani yana matse fayil, wani yana ɓoye saƙon da ke tsakanin wayarka da bankinka. Wanda ya rubuta shi bai san wa zai kira shi ba, bai san a ina ba, bai kuma san me zai lalace in ya gaza ba.

Ni na fi ganin laburare a matsayin yaron da uwar gida ta aika sayen kwalbar manja, ya je ya tarar babu. Akwai yaron da zai dawo ya ajiye kwalbar a madafa bai ce uffan ba, sai an zo zubawa a tukunya a ga fanko ce. Akwai wanda zai yanke wa kansa hukunci cewa tun da babu manja yau ba girki, ya dawo ya kashe wutar murhu. Akwai wanda zai yi gunaguni a bakin ƙofa, ba a gane "akwai" ya ce ko "babu" ba. Yaron kirki zai tsaya ya ce, "Inna, manja ya ƙare a shagon, amma na ga man gyaɗa." Daga nan magana ta koma hannun Inna, don ita ta san ko baƙi na tafe, ko akwai ragowa a ɗaki, ko girkin zai iya jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai kashe murhu ya fi yawa fiye da yadda ake zato, har cikin laburaren da ake girmamawa. libjpeg, wanda tun 1991 ake buɗe hotunan JPEG da shi, in ya gamu da hoton da ya lalace har ya kasa karanta shi kuma ba ka sauya masa tsari ba, zai buga saƙo ne ya kira exit, wato ya rufe manhajar ɗungurungum. Marubutansa ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta a takardunsu, sun kuma nuna yadda za ka ɗora naka mai karɓar kuskure. A ƙaramar manhajar da aikinta kawai ta juya hoto ɗaya ta fita, rufewar ba laifi ba ce. Amma a sabar, wato kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima ta intanet, wadda dubban mutane ke ɗora wa hotuna, lalataccen hoto ɗaya ya isa ya kwantar da kowa. Haka argparse na harshen rubuta kod na Python, mai karanta umarnin da aka rubuta wa manhaja: in ya ga abin da bai gane ba sai ya fita da lamba 2. Sai a Python 3.9, cikin 2020, aka ƙara masa zaɓin exit_on_error domin mai kira ya iya cewa "kar ka fita, ba ni kuskuren in gani", bayan ya yi kusan shekara goma a cikin harshen.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa haɗa wa wata makaranta 'yar manhajar karɓar kuɗin zango, na ɗauko wani laburare na buga rasit na liƙa. Mako na biyu da komawa hutu mai karɓar kuɗin ta kira ni: "Malam, abin nan naka ya sake mutuwa, ga iyaye sun yi layi har bakin get." Na je na same ta da biro da littafi mai layi tana rubuta sunaye da hannu, ga wani uba riƙe da takardar banki yana rantsuwa ya biya jiya amma kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da takarda ta ƙare a firinta, laburaren sai ya rufe manhajar baki ɗaya, ni kuma na tsara a buga rasit kafin a rubuta biyan a rumbun bayanai. Rabin laifin nawa ne, ban musa ba. Amma da laburaren ya dawo ya ce mini "babu takarda", da layi biyu sun ishe ni in ajiye biyan in ce mata ta sa sabon nadi.

Mai kashe murhu aƙalla ana jin ƙararsa. Wanda ya fi haɗari shi ne mai dawowa ya ce an samu alhali ba a samu ba. A Fabrairu 2014 Apple ta fitar da iOS 7.0.6 don toshe wata ɓaraka a laburarenta na tsaron sadarwa, a daidai wurin da ake tantance sa hannun sabar, wato shaidar da ke tabbatar da cewa shafin da aka shiga na gaske ne. Ga abin da aka gani a kod ɗin:

if ((err = SSLHashSHA1.update(&hashCtx, &signedParams)) != 0)
    goto fail;
    goto fail;

Layin farko na goto yana ƙarƙashin sharaɗi: in an samu kuskure, tsallaka zuwa ƙarshe. Na biyun an tura shi ciki kamar shi ma yana ƙarƙashin sharaɗin, amma a harshen C ba haka ba ne, kullum sai an bi ta kansa. Saboda haka kod ɗin yana tsallake ainihin tantancewar, ya isa ƙarshe da err tana riƙe da sifili, sifili kuwa a nan ma'anarsa "komai daidai". Wanda ya tsaya tsakaninka da shafin da kake nema, a ce a wayifai na otal, zai iya miƙa sa hannun bogi wayar ta karɓa.

Ko wata guda ba a yi ba, a Maris 2014, aka gano makamanciyarta a GnuTLS, wani laburaren tsaron sadarwa, kuma tata ta fi koyar da darasi. A C akwai al'adu biyu da ke zaune gida ɗaya ba sa ga maciji. A ta farko, sifili nasara ce, lamba mai ragi kuskure ce. A ta biyu, sifili "a'a" ne, duk abin da ba sifili ba "e" ne. Wani ɓangaren GnuTLS da ake tambaya "wannan takardar shaida tana da ikon tabbatar da wasu?" ya kamata ya amsa da al'ada ta biyu, amma in ya gamu da kuskure sai ya dawo da lamba mai ragi irin ta al'adar farko. Mai tambaya ya duba ya ga ba sifili ba ne, ya ce to an ce e. Shekaru biyar kafin nan, a Janairu 2009, OpenSSL, shi ma laburaren tsaron sadarwa, ya sanar da irin wannan: EVP_VerifyFinal yana dawo da 1 in sa hannu ya inganta, 0 in bai inganta ba, da -1 in wani abu ya lalace a hanya. Masu kira da dama sun duba sifili kawai, sai -1 ta wuce a matsayin ingantacce. Cikin waɗanda suka faɗa ramin har da kod ɗin OpenSSL kansa, da manyan manhajoji irin su BIND da NTP.

A nan ba na goyon bayan masu cewa ai an rubuta a takarda, laifin wanda bai karanta ba ne. In gwanaye da yawa, har da masu gidan, suka yi tuntuɓe a dakali ɗaya, dakalin za a duba. Laburaren da ya cusa amsa da kuskure a mazubi ɗaya ya haƙa wa masu kiransa rami, kamar yadda na'urar Ariane ta aika kukanta ta hanyar da ake aika bayanin tafiya. Wannan ne ya sa sababbin harsuna suka raba su. A Go ana dawo da abu biyu, sakamako daban, kuskure daban. A Rust ana dawo da Result, wanda ba ka isa ka taɓa sakamakon da ke ciki ba sai ka faɗi abin da za ka yi in kuskure ne.

Akwai alƙaluma a kan wannan. A 2014 Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto sun bi diddigin gazawa 198 da aka kai rahoto a manyan manhajojin ajiya da sarrafa bayanai guda biyar: Cassandra, HBase, HDFS, MapReduce da Redis. Cikin waɗanda suka zama bala'i, wato suka kwantar da tsarin ko suka salwantar da bayanai, kashi 92 cikin ɗari sun faro ne daga kuskuren da bai kai na kisa ba, wanda manhajar ta gani ta kuma sanar, amma aka karɓe shi ta hanyar da ba daidai ba. Kusan kashi 35 kuwa sakaci ne tsagwaronsa: an cafke kuskuren an bar wurin fanko ko an rubuta shi a kundi kawai, ko an rufe komai saboda ƙaramin abu, ko an bar rubutun "a gyara nan gaba". Kod ɗin karɓar kuskure shi ne wanda aka fi rubutawa da gaggawa, kuma shi aka fi ƙin gwadawa. Masu SQLite, wani laburaren rumbun bayanai, sun ɗauki abin da gaske: a gwajinsu sukan sa neman memori na farko ya gaza da gangan su ga abin da zai faru, sannan na biyu, sannan na uku, har sai aikin ya kai ƙarshe.

Kar a ɗauka ina cewa manhaja ba ta taɓa rufe kanta da hujja. A 2018 masu PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, suka gano cewa sun yi shekaru suna yi wa fsync mummunar fahimta. Shi fsync umarni ne da ake ba Linux cewa ya tabbatar abin da aka rubuta ya sauka a faifai. In ya gaza, PostgreSQL yakan jira ya sake kira. Ashe Linux sau ɗaya yake faɗin gazawar, kuma yana iya ɗaukar bayanan a matsayin waɗanda aka gama da su, sai kira na biyu ya dawo da "an yi" alhali bayanan sun tafi. Maganin da suka fitar a farkon 2019 shi ne, da zarar fsync ya gaza, PostgreSQL ya faɗi nan take, ya tashi ya sake gina komai daga kundinsa na abin da aka rubuta. Hukuncin ya yi daidai, kuma abin lura shi ne wanda ya yanke shi. PostgreSQL shi ne mai gidan, ya san yana da kundin da zai farfaɗo da shi. Laburaren da ke zaune a cikin manhajar wani ba shi da wannan sanin.

Iyakar da nake ja ita ce tsakanin gazawar da duniya ke kawowa da kuskuren mai rubutu. Fayil ya ɓace, netwok ya ɗauke, faifai ya cika, wani ya turo bayanin da ba shi da kai: waɗannan kamar ruwan damina ne, an san za su zo, kuma laburare ya miƙa su ga mai kira. Amma in laburare ya duba cikinsa ya ga abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ya yiwu, ci gaba da aiki na iya ɓata bayanan mutane, tsayawa ta fi. Wahalar ita ce mutane na yawan saka ruwan damina a layin abin da ba zai yiwu ba. Ranar 18 ga Nuwamba 2025 Cloudflare, kamfanin da shafukan intanet da yawa ke bi ta kansa, ta kwanta na sa'o'i, ta ja shafuka irin su X da ChatGPT. Wani fayil da tsarinsu ke samarwa da kansa ya kumbura ya wuce iyakar abubuwa 200 da aka tanada. Kod ɗin da ke duba iyakar ya dawo da kuskure yadda ya kamata, amma wanda ya karɓa ya kira unwrap, wanda a Rust ke nufin "na tabbata ba kuskure, in akwai a faɗi". Sun amince da fayil ɗin ne don na gida ne.

Shi kuskuren da za a miƙa, mutum biyu yake yi wa magana. Na farko kod ɗin mai kira, wanda ke buƙatar nau'i ko lamba da zai gwada ya san ko ya sake ƙoƙari ko ya haƙura. Na biyu mutumin da aka tasa daga barci ƙarfe biyun dare. Shi "an samu matsala" ba ta ƙara masa komai. "An kasa buɗe fayil ɗin saiti kaza: ba a ba da izini ba" ta gaya masa me ake yi, a kan me, me ya hana. Kuma kar a yar da asalin dalilin in ana naɗe shi cikin sabon kuskure. Python na da raise da from don haka, Go kuma ya kawo errors.Is da errors.As a siga ta 1.13 cikin 2019. In laburare bai ba da nau'in da za a gwada ba, mutane za su koma gwada kalmomin saƙon, daga nan kuma magana ta zama zarar bunu. A cikin net/http, laburaren sadarwar yanar gizo na Go, akwai saƙon da ke cewa jikin buƙata ya yi girma, a samansa an rubuta cewa ba za a iya sauya kalmominsa ba saboda dokar Hyrum. Hyrum Wright injiniya ne da ya lura a Google cewa in masu amfani da kod suka yi yawa, duk wata ɗabi'arsa da ake iya gani sai wani ya jingina da ita, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba.

Akwai wata jimla a rahoton Ariane da ta fi tsaya mini a rai fiye da labarin fashewar. Injiniyoyin ba mantawa suka yi ba. Sun zauna sun gano wurare bakwai da mazubi zai iya tumbatsa, suka sa kariya a huɗu, suka bar uku, domin an ce kar aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma lissafinsu ya nuna ukun nan ba za su kai iyaka ba. A kan Ariane 4 lissafin gaskiya ne. Amma kwamitin ya ce bai samu dalilin wannan shawara a cikin kod ɗin ba. Yana can binne cikin tarin takardu, inda mai dubawa daga waje ba zai gan shi ba. Wanda ya zo ɗaukar kod ɗin ya ga abin da aka yi, bai ga sharaɗin da aka yi shi a kai ba.

Wannan gurbin ne saƙon komit yake cikewa. A Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod da Linus Torvalds ya fara a Afrilu 2005, duk sauyin da ka ajiye, wanda ake kira komit, yana tafe da bayanin da ka rubuta, kuma bayanin na manne da layukan da ka taɓa muddin tarihin na nan. Bambancin tsohon kod da sabo Git zai nuna shi da kansa, ba ya buƙatar taimakonka. Abin da ba zai iya nunawa ba shi ne me ya lalace, me ya sa ka zaɓi wannan hanya, wace ka gwada ta ƙi, wane zato ka dogara da shi. Takardar ƙa'idar aika faci, wato gyaran kod, ta Linux ta nan ta fara: bayyana matsalar, faɗi yadda take shafar mai amfani, ka shawo kan mai dubawa cewa akwai abin gyarawa, kuma faci ɗaya sauyi ɗaya. In gyaran wani tsohon komit kake, ka sa layin Fixes da aƙalla haruffa 12 na farkon lambarsa, don masu kula da tsofaffin sigogi su san inda za su kai gyaran. Ba abin mamaki ba ne a can ka ga facin layi ɗaya da bayanin sakin layi huɗu.

Ana yawan jayayya a kan ko layin farko kar ya wuce haruffa 50, ko a fara da fix ko feat. Ba na raina su, suna sa tarihi ya karantu. Amma na sha ganin saƙon da ya cika duk waɗannan ƙa'idoji bai ce komai ba. Ranar da na koma gyara manhajar makarantar nan bayan shekara guda, git blame, mai nuna komit ɗin da ya taɓa kowane layi, ya kai ni kan wani komit nawa, saƙonsa kalma ɗaya: "gyara". Fayil tara na taɓa a ciki. Na zauna ina zagin wanda ya rubuta, ni ne kuwa. Ga abin da ya kamata in rubuta:

Ajiye biyan kuɗi kafin buga rasit

In takarda ta ƙare a firinta, laburaren bugawa yana rufe manhajar gaba ɗaya, sai biyan da aka karɓa ya ɓace. Yanzu ana rubuta biyan tukuna, bugawa kuma ta koma wata manhaja daban don in ta mutu ta mutu ita kaɗai. Na gwada cafke kuskuren a wuri ɗaya, bai yiwu ba, laburaren exit yake kira. In an sauya laburaren, ana iya haɗe su.

Jimlar ƙarshen nan ita ce irin wadda Ariane ta rasa, mai faɗin yaushe shawarar za ta daina aiki. Ko da Hausa aka rubuta ko da Turanci, duk wanda abokan aikin ke karantawa, ba shi ne abin dubawa ba. Kuma amfanin ƙananan komit yana fitowa ne ranar git bisect, wanda ke raba tarihi biyu-biyu har ya kamo inda ɓarna ta shigo: cikin komit 1,000 gwaji kusan goma ya isa. In wanda ya kamo ɗin fayil tara ne da kalmar "gyara", an kai ka bakin ƙofa ne an bar ka ba makulli.

Abin da rashin rubuta dalili ke jawowa, Debian, ɗaya daga nau'o'in Linux, ta gani. A 2006 mai kula da OpenSSL a Debian yana neman kawar da ƙorafin da Valgrind, manhajar farautar kurakuran memori, ke yi a kan ɓangaren da ke samar da lambobin da ba a iya canka, waɗanda da su ake ƙera makullan sirri. Layi biyu ne masu kama da juna. Ɗaya akwai ɗan rubutu a gefensa cewa irin waɗannan manhajoji na ƙorafi a kansa, kuma cire shi ba ya cutarwa sosai. Ɗayan ba a rubuta komai ba, alhali ta nan ne duk wani abin da ba a iya canka yake shiga. Ya tambayi masu OpenSSL, amsar da ya samu ba ta hana shi ba, ya cire duka biyun. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da ya rage kawai shi ne lambar da Linux ke ba kowace manhaja mai gudana, don haka kowane nau'in makulli ya koma ɗaya daga cikin 32,767. Lambar da ta kashe Ariane ce ta sake dawowa, don iyakar mazubi iri ɗaya ce. Ba abin da ya yi ƙara, makullai na fitowa da kyan gani, a Debian da Ubuntu, har sai da Luciano Bello ya gano a Mayu 2008. Daga baya masu OpenSSL suka rubuta a saman layin da manyan baƙaƙe cewa kar a cire shi, suka kuma bayyana dalili.

Sai dai saƙon komit magana ce ta mutum, mutum kuwa yana ƙarya. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, ɗaya daga masu aikin PostgreSQL, ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a xz, laburaren matse fayil da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da shi, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya dasa ƙofar, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi shekara biyu yana aika gyare-gyare masu kyau da saƙonni tsaf-tsaf har aka ba shi ikon kula da aikin. Da aka koma ana tankaɗe komit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, aka ci karo da wani na watan Fabrairu wanda saƙonsa ya ce an gyara gwajin Landlock, wani shingen tsaro na Linux da ke taƙaita abin da manhaja za ta iya taɓawa. Gwajin ɗan ƙaramin kod ne da ake harhaɗawa lokacin gini: in ya harhaɗu, akwai Landlock, a kunna shi, in bai harhaɗu ba, babu. A farkon wani layi na wannan kod an ɗiga aya guda, ɗigo ɗaya tal, wanda ido ke wucewa. Da shi kod ɗin ba zai taɓa harhaɗuwa ba a kowace na'ura, tsarin ginin kuma bai bambance "babu Landlock" da "gwajin kansa ya lalace" ba, duka biyun "babu" yake karantawa ya wuce ba tare da ya ce komai ba.

Lasse Collin, wanda ya kafa aikin xz, shi ya goge ɗigon. Facin harafi ɗaya ne. A layin farko na saƙonsa ya rubuta cewa ya gyara gwajin Landlock da aka yi wa zagon ƙasa, a ƙasa kuma ya ƙara jimla ɗaya: gwajin bai taɓa kunna shingen ba.